Awon Gajimare

Na'urar awo ta mutu a damina ta biyu da zuwana,
danshin Ikitos ya cinye mata hanji.
Aka rubuta wa Lima takarda. Lima ta yi gum.
Sai Zoila Tapullima ta ja durowar ƙasa,
ta fito da siraran kwalabe huɗu, baki a liƙe,
ta jera su a hankali kamar mai jera ƙwai.

"Wannan rabi. Wannan ɗaya. Ga biyu, ga uku.
Babu mai rai a cikinsu,
farin garin bariyom ne yake kwaikwayon taro.
Girgiza shi kafin ka tambaye shi.
In ya kwanta, ƙarya zai yi maka."

Ran Laraba aka kawo Eleuterio a kwale-kwale,
kwana biyu ana tuƙi daga can saman Nanay.
Ƙayar tarwaɗa ta shige masa dunduniya,
ƙafa ta kumbura, ta yi sheƙi,
matarsa na kore masa ƙuda da hularsa.
Ban yi magana da shi ba.
Abin da ya iso teburina auduga ce a kan tsinke,
washegari kuma ɗige-ɗige masu launin madara
sun tsiro a faranti, kowanne gari guda.

Na gasa zoben waya a shuɗin harshen wuta
har ya yi ja, na jira ya huce,
na taɓa gari uku, na kaɗa a ruwan gishiri.
Ruwan da yake garau ya soma tunani.

Zoila ta miƙo kati fari mai baƙaƙen layuka.
"Kwalbarka a dama, rabi a hagu.
Ba ruwan nake so ka kalla ba, layin da ke bayansa.
In sun dushe daidai da juna, ka isa."

Na ɗaga su wajen taga.
A waje kekunan inji na tsaga titi da ƙara,
wata na kiran gasasshiyar ayaba,
ni kuwa ina neman layi a bayan farau-farau.
Nawa ya ɓace fiye da nata.
"Ya yi kauri. In ka shuka haka,
magani mai kyau zai ji kunya a banza.
In kuma ya yi tsararo,
ragon magani zai fito da kirarin jarumi,
a ba mutumin, a yanke ƙafar bayan mako."

Ɗigo biyu na ruwan gishiri.
Ɗaya kuma.
Layukan suka daidaita kamar girar mutum ɗaya.

Miliyan ɗari da hamsin, in ji ta, a mililita guda,
ko kusa da haka.
Ta nanata "kusa" tana goge tabarau,
don matattunsu ma suna tare haske,
kwalba ba ta san gawa daga mai numfashi ba,
kuma idonta na safe ba shi ne na la'asar ba.

Na shafe faranti, na dasa ƙananan fayafayan magani shida,
na rufe, na sa a ɗumi, na kashe fitila.
A hanyar gida na tsaya inda baƙin Nanay
yake shiga jan ruwan Amazon,
na tsinci kaina ina ba kogin lamba.
Ya wuce uku. Ba mu da kwalbarsa.

Da safe, fili ya buɗe kewaye da faifai na huɗu,
zagaye, tas, kamar an share da tsintsiya.
Na aza ma'auni: milimita ashirin da shida.
Zoila ta duba, ta sake dubawa,
ta rubuta sunan maganin da jan biro,
ta ce in ruga da shi ɗaki na biyu
kafin likita ya tafi cin abinci.

Matar tana nan a bakin gado.
Hular tana hannunta.